Kafin Baba Ya Dafa Alƙur'ani

Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin da na lalata wa maƙwabcinmu gyaɗarsa ta shekara guda, kuma har kwana shida babu wanda ya san ni ce.

Ƙauyenmu yana kusa da Wad Haddad, a bayan babbar tur'a, wato babbar hanyar ruwan da aka haƙa don ban ruwan gonaki. Kowane gida yana da hawasha, wato gonar da aka yanka masa a layi ɗaya da na maƙwabta. Ruwa yana fitowa daga tur'a ya shiga wata ƙaramar magudana da ake kira abu ishirin, ita kuma ta bi ta gefen gonaki. Kowace gona da bakinta. Idan ranarka ta zo sai ka sare bakin da fartanya ruwa ya shiga. Idan ƙasarka ta ƙoshi ka toshe da laka, ruwa ya wuce wurin na gaba. Tun ina goye nake ganin ana yin haka, shi ya sa na ɗauka na iya.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta can baya nake zama, jikin taga, har ustaza, malamarmu, takan manta da ni in tana tambaya. A gida Kaka tana kirana uwar shiru. Abin da na iya shi ne kallo. Na san wace randa ce ta fi sanyi, na san takun kowa a gidanmu, na san in Baba ya gaji kafaɗarsa ta hagu takan sauka ƙasa da ta dama.

Ranar wata Asabar, babu makaranta, Inna ta ɗora mini kwanon kisra, siririyar wainar dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa ta ce in kai wa Baba. Ranar ruwanmu ce, yana ba auduga ruwa. Na same shi da laka har gwiwa. Ya wanke hannu ya ci, ya miƙo mini kwanon, ya koma can ƙarshen gona. Ni kuma na biyo kan kunyar abu ishirin zan koma gida.

Gonar da ke bin tamu ta wani dattijo ce da muke kira Ammi. Ya girmi Baba nesa ba kusa ba, kuma kowa ya san shi da zafin rai. A makon nan ya tuge gyaɗarsa, ya jera ta tsibi-tsibi a cikin gona, 'ya'yan suna kallon sama don su sha rana. Ranar ba ya nan, ya tafi Managil ta'aziyya.

Daidai bakin gonarsa, ta ciki, akwai wani ɗan rami da ya riƙe ragowar ruwan da aka ba ƙasa kafin tugar gyaɗa. Ruwan bai fi faɗin faifai ba, ya yi kauri kamar kunu. A ciki na ga ƙananan karfasa guda bakwai. Bayansu a waje yake, suna kwance a gefe suna buɗe baki. Ɗaya ta riga ta daina motsi. Balbelu biyu suna tsaye nesa kaɗan, suna jiran in wuce.

Na ajiye kwano na tsuguna. Tsakanin kifayen nan da ruwa mai gudu babu komai sai toshiyar laka, kaurinta bai kai tsawon hannuna ba. Na tsinci karan dawa na soka a gindinta, na murza, na murza, har ya ɓulla. Ruwa ya biyo kamar zare. Na sa yatsa biyu na ƙara buɗewa. Ramin ya fara cika, kifayen suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka fara yawo. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Da na ga ruwan ya ishe su, na dumbuzo laka na manna a bakin hudar, na shafe da tafin hannu kamar yadda Inna take yaɓen murhu, har wurin ya yi sumul. Na wanke hannu, na ɗauki kwano, na kori balbelun, na tafi gida.

Duk kallon da nake yi tsawon shekaru, akwai abin da ban lura da shi ba. Maza ba shafe laka suke yi ba. Cusa ta suke yi da ciyawa, su tattake da diddige, su dawo an jima su duba. Ni na rufe fuska ne kawai, ciki yana nan a huje.

Washegari ina sa rigar makaranta na ji ihu a ƙofar gida. Ammi ne, ko sallama babu.

"Fito! Fito ka ga aikin hannunka!"

Baba ya fita da kofin shayi a hannu. Na leƙa ta kafar dangar kara. Jallabiyar Ammi ta jiƙe har ƙugu, yana riƙe da damin gyaɗa yana ɗigar da baƙin ruwa.

"Lafiya, Alhaji?"

"Lafiyar mi? Gonata ta zama tafki! Tun jiya ruwa ke shiga, toshiya ta tafi baki ɗaya. Wa ya riƙe ruwa jiya in ba kai ba?"

"Ni na riƙe. Na rufe nawa da azahar na taho. Ban kusanci bakinka ba."

"To aljani ne? Kai mutumin nan, toshiyar da na tattake da ƙafata ba ta buɗe kanta. Tun rigimar jakin nan na san ba ka haƙura ba."

Bara jakin Ammi ya shiga dawarmu, an yi cacar baki, dattawa suka raba. Kowa ya manta ban da su biyun.

Ni dai na ja baya daga kafar. Na zauna a gindin danga, na dubi farcena. Akwai sauran laka a ƙarƙashin na yatsan tsakiya. Na sa haƙori na cire, na haɗiye.

Da na dawo daga makaranta Baba ya kira ni. Yana zaune a bakin gadon igiya yana gyara ƙotar fartanya.

"Jiya ta wurin kika biyo. Kin ga wani? Kin ga wani abu a bakin gonar Alhaji?"

Bai ma ɗago kai ba. Tambaya ce kawai irin ta wanda ya san amsa. Na ce, "A'a, Baba."

"To, je ki ci abinci."

Wannan ce ƙarya ta farko da na taɓa yi masa, kuma ta fito da sauƙi, ko sarƙewa ban yi ba. Sauƙin nan ya fi komai ba ni tsoro.

Ranar Litinin bayan la'asar aka zauna a rumfar samad. Samad shi ne manomin da aka ɗora wa kula da rabon ruwa a layinmu. Mata ba sa zuwa, amma kafin magariba kowace ta san abin da aka ce. Samad ya so a raba asarar tsakanin mutanen layi, Ammi ya ce shi ba bara yake yi ba, gaskiya yake nema. In Baba bai taɓa ruwan ba, ya dafa Alƙur'ani. Baba ya ce ya yarda. Liman ya ce ba yau ba, a bari sai Juma'a bayan an sauko, zuciya ta huce, kowa ya binciki gidansa. Domin a wurinmu rantsuwar ruwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Maigida yakan rantse ne a kan kansa da duk wanda ke cin tuwo a gidansa.

Inna ce ta faɗa wa Kaka haka tana tankaɗe, ni kuma ina gefe ina riƙe da ƙanwata. "Shi da duk mai cin tuwo a gidansa," in ji ta. "To wa ke gidan? Ni da ke da yara mata. Ya rantse mana, a huta."

Na san abin da ake cewa yana samun wanda ya dafa Littafi a kan ƙarya. Kowa ya sani. Washegari a makaranta ma yarinyar da muke zama benci ɗaya ta ƙara mini. Labari ya riga ya kai can.

"An ce babanki zai rantse? Wallahi a ƙauyen kakannina wani ya rantse a kan akuya. Kafin sati bakinsa ya koma nan," ta ja leɓenta zuwa kunne, "hannun da ya dafa da shi kuma ya bushe kamar kara. Har ya mutu a baki ake ba shi."

"In bai sani ba fa?" na tambaya a hankali.

"Bai san mi ba?"

"In wani ne a gidan ya yi, shi bai sani ba."

Ta ɗaga kafaɗa. "Oho. Ai hannunsa ne a kai."

Ban san ko haka hukuncin yake a wurin malamai ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Na dai yarda da ita. Daga ranar na koma kallon hannun Baba na dama. Akwai tabon lauje a bayan babban yatsa, farcen ƙaramin yatsa ya tsage biyu tun kafin a haife ni. Da shi yake gutsurar kisra, da shi yake shafa kan ƙanwata. Ina kallon bakinsa in yana hura shayi, ina ƙoƙarin ganin yadda zai zama in ya karkace. Sai in tashi in fita bayan ɗaki.

Me nake tsoro in na faɗa? Na sha tambayar kaina daga baya. Duka, i, ko da yake Baba bai taɓa dukana ba. A cire ni daga makaranta. A ce za mu ba da gyaɗarmu, mu rasa ta mai da ta iri. Amma babban abin shi ne idanu. Ina ganin dukan ƙauye sun juyo suna kallona, ni da na saba in kalli kowa ba mai kallona.

Na gwada gaya wa Inna ranar Talata. Tana gaban kasko tana shafa kisra, hayaƙi yana sa ta ƙifta ido. Na tsaya a bayanta na ce, "Inna." Ta ce, "Mi?" Na buɗe baki, na sake rufewa. Ta ce, "In ba ki da abin yi miƙo mini itace." Na miƙa mata itace.

Na yi addu'o'i iri-iri a kwanakin nan. Na roƙi Allah ya sa Ammi ya yafe. Na roƙi liman ya yi tafiya. Ranar Laraba kuwa, ina kan sallaya, na tsinci zuciyata tana cewa da Ammi zai mutu kafin Juma'a da shi ke nan. Tsoho ne, ba abin mamaki ba ne. Na ji tunanin ya zauna mini daram, har da ɗan sanyi a ƙirji. Sai na zabura na dubi hannuwana. Su ne suka ji tausayin kifi. Ban san cewa a jiki ɗaya ake ajiye wannan da wancan ba.

A ranar ne kuma Inna ta aike ni gona, dole na bi ta gefen gonar Ammi. Tun daga nesa wari ya tare ni, irin na tsumman da aka manta a jiƙe. Ruwa ya janye, ƙasa ta zama baƙar laka. Matar Ammi tana durƙushe tana juya dami, tana tsince 'ya'yan da ba su yi fumfuna ba tana jefawa a buhu. Wasu sun yi baƙi, wasu sun fara tsiro, farin harshe yana leƙowa daga ɓawo. Buhun ko rabi bai yi ba. Na sunkuyar da kai zan wuce, ta kira ni.

"Ɗiyata, ba gaisuwa? Zo nan. Rigimar maza ce wannan, babu ruwanki. Ki gai da Innarki, ki ce ina nan tafe aron turmi."

Ta ciro dabino biyu daga bakin mayafinta ta ba ni. Na karɓa da hannu biyu. Na riƙe su har gida, ban iya ci ba, ban iya yarwa ba. Na tura su ƙarƙashin tabarmar Kaka.

Ranar Alhamis da hantsi ba mu yi karatu ba, aka sallame mu da wuri. Kaka ta ce in zo ta yi mini kitso. Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, ta fara tsefe mini kai da tsinke.

"Uwar shiru, kanki zafi kamar kasko. Zazzaɓi?"

"A'a."

"To soyayya ce. Wane ne? In tsoho ne mai shanu ki bar mini."

Ban yi dariya ba. Ta ci gaba da tsifa. Can ta ce, "Kwana biyar ke nan kina tura tuwo gefen kwano. In ubanki ya shigo sai ki kalli hannunsa kamar za ki saya. Dabino kuma ba a tabarmata yake tsirowa ba."

Na jira tambaya. Ba ta zo ba.

"Ba zan tambaye ki ba," in ji ta. "In na tambaya, ni na ciro maganar, ba ke ba. Gobe kuma in ba na nan wa zai ciro miki?" Ta ja wani silin gashi har na yi ƙara. "Tsaya mana. Kin san kakannina da ƙafa sunka zo ƙasar nan daga yamma. Shekaru suna tafiya, su yi noma a wuri su tashi, don ba su son wani ya riƙe musu wuya. To na tsufa na gane, ba sai mutum ya zo daga waje ya riƙe ka ba. Kowa da ubangidansa a cikin cikinsa. Alhaji nasa fushi, in ya ce tashi sai ya tashi. Ubanki nasa girman kai, ba ya son a ce ya yi kuskure. Ni nawa shayi da surutu. Ke kuma naki tsoro. In ya ce yi shiru, ki yi shiru."

"To ya ake yi, Kaka?" Muryata da ƙyar ta fita.

"Ba a korarsa, yana nan har kabari. Sai dai wata rana ya ce zauna, ke kuma ki miƙe, ƙafa tana rawa. Shi ke nan. Juya mini wancan gefen."

Na juya. Ta gama kitson. Na so a ce maganarta ta ba ni ƙarfi nan take, amma ba haka aka yi ba. Na tashi da tsorona cif, har da ƙarin na cewa ta sani.

Juma'a ta zo. Baba ya yi wanka, ya sa farar jallabiyar da Inna ta goge, ya ajiye rawani a kan gado. Rana ta kusa tsaka, ya fito tsakar gida ya zauna a kan ɗan kututture ya ce, "Kawo mini buta." Ni nake zuba masa ruwan alwala ranar Juma'a tun ina ƙarama. Na kawo, na tsuguna a gabansa. Ya naɗe hannun riga, ya miƙo hannunsa na dama.

Na karkata buta. Ruwa ya zuba a kan tabon laujen, ya gangara ta tsagaggen farcen. Na ga da wannan alwalar zai yi salla, da ita kuma zai dafa. Bakin butar ya kauce, ruwa yana zuba a ƙasa.

"Ke, zuba sosai mana."

"Baba, ni ce."

"Ke ce mi?"

"Ni na buɗe ruwan."

Ban san muryata za ta fita ba sai da na ji ta. Ba ƙarfin hali ba ne. An sha yaba mini daga baya, ina jin kunya. Tsoro biyu ne suka yi kokawa a cikina, na hannunsa ya kayar da na kaina.

Hannun ya tsaya a inda yake, ruwa yana ɗiga daga yatsu. Tankaɗen Inna ya tsaya. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Akwai tsumagiyar jaki a jingine da danga, taku biyu daga inda yake. Idonsa ya je kanta. Na gani, shi ma ya san na gani. Na runtse ido na jira.

Da na buɗe, ya sauka daga kan kututturen ya zauna a ƙasa, farar jallabiyar a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa ya danne su. Ya daɗe a haka yana numfashi ta hanci. Sannan ya karɓi butar daga hannuna, ya fara alwalar da kansa, a hankali, kowace gaɓa sau uku. Da ya gama ya ce, "Faɗa mini tun daga farko."

Na faɗa masa, ina shessheƙa. Ramin, kifayen, karan dawa, yaɓen da na yi.

"Na tambaye ki ran Lahadi," in ji shi.

"Na ji tsoro."

"Saura kaɗan ki bar ni in..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi hannunsa, ya juya shi. Aka fara kiran salla. Ya tashi, ya naɗa rawani, ya fita da lakar a bayan rigarsa. Inna ta bi shi da kallo ba ta ce ya sake wata ba.

Ban iya zama a gida ba. Da na ji an sauko, na zagaya ta bayan gidaje na je na raɓe a bayan randunan ruwan sadaka da ke gefen rumfar samad. Daga nan ina ganin komai ta tsakanin randa biyu. Maza sun cika rumfar. Liman yana zaune da Alƙur'ani a cikin gafakarsa a kan cinya. Ya ce Baba ya matso.

Baba ya miƙe, amma bai matsa ba. "Malam, mai da Littafi. Ba zan rantse ba. Daga gidana ne."

Rumfa ta ɗauki guna-guni. Ammi ya tashi tsaye.

"Kun ji! Kun ji ko? Kwana biyar yana cika baki, da ya ga Littafi ya ja da baya! Wane ne a gidan naka? Tsohuwa ce ta ɗauki fartanya?"

"Gidana ni ne, Alhaji. Abin da ya lalace, a ɗauka a nawa."

"Kai ne dai! Ka ɓuya bayan mata. Yaro, ina nan anka yi sunanka, na san ubanka, bai taɓa ƙarya ba. Ban san inda ka gado ta ba. Maƙaryaci, matsoraci!"

A gaban liman, a gaban samad, a gaban mutanen da Baba yake jan su salla in liman ba ya nan. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, na ga wani yana murmushi a bayan hannunsa. Kalma ɗaya ta ishi Baba ya wanke kansa. Ya ce yarinya ce, kowa ya yi dariya a watse. Ina kallon ƙafafunsa. Yatsunsa sun damƙe takalmi har sun yi fari. Bakinsa a rufe.

Na ce wa kaina in fito in ce ni ce. Na ce sau uku. Ban fito ba. Na tsaya a bayan randa ina jin ana zagin ubana saboda ni, har samad ya tsawatar, aka yanke cewa Baba zai ba Ammi daga gyaɗarmu da harawarmu, aka yi fatiha.

Baba bai ci abincin rana ba. Bayan la'asar ya kira ni. Na zo na durƙusa nesa da shi.

"Matso. Ba zan doke ki ba. Da na doke ki ɗazu, ba ni ne na doke ki ba, fushi ne ya ari hannuna. Yanzu kuma ya tafi, ban ga amfanin dukan ba." Ya dube ni. "A gaban maza na rufe ki, wannan nawa ne. Amma akwai naki. Gobe da safe ki je gidan Alhaji ki faɗa musu da bakinki. Ba zan raka ki ba. Ba zan kuma tambaye ki ko kin je ba."

Da gari ya waye na ɗauki mayafina. Tsakanin gidanmu da nasu gida huɗu ne, amma sau biyu ina tsayawa kamar ina cire ƙaya. A ƙofar na yi sallama, ko ni ban ji ba. Na sake. A ta uku matar Ammi ta amsa ta ce in shigo.

Ammi yana zaune a inuwa yana ɗinke buhu da basilla. Ya ɗago ya ga ni ce, fuskarsa ta ɗaure.

"Mi anka aiko ki?"

"Ba a aiko ni ba, Ammi." Na kafa idona a kan basillar. "Ni na huda toshiyar. Baba bai sani ba sai jiya. Kifi na gani za su mutu."

Matarsa ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallah." Basillar ta tsaya a cikin buhu. Na jira tsawa, har na ƙanƙame jikina. Kaza ta zo ta wuce tsakaninmu.

"Ya sani jiya," in ji shi, ba da ni yake ba. "Yana tsaye ina zaginsa, ya sani."

Ya zare basillar ya soke ta a danga. Ya laluɓo takalmansa, ya sa hula, ya fita. Matarsa ta yi mini alama da hannu in bi shi. Na bi shi a baya, ban san ko faɗa zai je yi ba. Yana tafiya da sauri kamar kullum, amma da muka wuce gida na uku sai takunsa ya ragu. A ƙofar gidanmu ya tsaya.

Na tsaya ni ma. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya. Ya dubi hanyar da muka biyo, kamar mai shirin komawa. Na ga hannunsa yana murza gefen jallabiya, yana saki, yana sake murzawa. Mutumin da ake jin muryarsa daga bakin tur'a, ga shi a ƙofar gidanmu ya kasa yin sallama.

Ya juyo ya gan ni ina kallonsa.

"Mi kike kallo? Shiga ki ce da babanki ana sallama."

Na shiga.